Gwangwalar Sodangi da Nonon Kasuwar Kurfi

Duk wanda ya yi wayo a Dutsin-Ma wajen shekarun samun mulkin kai ya san Sodangi direba, ko da bai taɓa hawa motarsa ba. Dogo ne, siriri, yana tafiya yana ware ƙafafu kamar wanda ƙasa ke lilo da shi. Sarkin Ruwa ake kiransa, a garin da in rani ya yi sai an tona yashin rafi kafin a ga ruwa. Ba ya fushi da sunan. In an kira shi sai ya amsa ya wuce.

A Wurma aka haife shi, gidan manoma masu 'yan shanu. Yana saurayi, wata shekara bayan an gama girbi, ya bi fataken shanu zuwa kudu yana yi musu kora. Da suka kai bakin kogin Kwara, a ƙasar Nufe, kurkunu ya fito masa a ƙafa, tafiya ta gagara. Fatake ba sa jiran gurgu. Suka bar shi a wata rumfa a bakin ruwa da ɗan guzuri, suka ce in sun juyo za su biyo ta kansa. Ko sun biyo ko ba su biyo ba, shi dai bai sake ganinsu ba.

Wani Banufe mai jirgin ruwa na inji ne ya tsince shi. Da ya ji Bakatsine ne sai ya tuntsire da dariya, ya ce Allah ya kawo masa bawansa har gida, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa. Ya yi jinyarsa har ƙafa ta warke, ya sa shi aiki a jirgin: kwashe ruwa, ɗaure igiya, goge inji. Shinkafa suke ɗauka da doya da busasshen kifi, su haura su gangaro.

A gaban matuƙi akwai wani ɗan agogo mai allura guda, wai shi ke faɗin yawan man da ya rage a tanki. Aka ce wa Sodangi ya sa wa allurar ido. Ya kuwa sa mata, ko ƙiftawa ba ya son yi. Rannan suna tsakiyar kogi, allura na tsaye a rabi, inji ya yi tari ya mutu. Ruwa ya yi ta jan su baya-baya har ya kai su kan wani tudun yashi ya ajiye. Sodangi ya nuna agogon ya ce, "Maigida, wallahi rabi ta ce."

"Ta ce!" in ji Banufen. "Kai Bakatsine, in ƙarfe ya ce maka gabas ta koma yamma, sai ka juya alƙibla?"

Ya jawo wata doguwar gwangwala busasshiya wadda aka yi wa tsage-tsage da wuƙa daga ƙasa. Ya zura ta a tanki har ta taɓa gindi, ya zaro. Ko tsagar farko mai bai kai ba. Ya ce, "Allura rawar ruwa take bi. In kaya sun danne baya ta faɗi magana ɗaya, in sun danne gaba ta faɗi wata. Wannan sandar ce ba ta iya ƙarya ba."

Sodangi ya riƙe wannan. Ba a jima ba, wata rana ya yi awo da gwangwala ya kawo labari, sai Banufen ya ce, "Jirgi a karkace kake awo? Ai sanda ma tana ƙarya. Kanka za ka yarda da shi. Ka san abin da ka zuba, ka san inda ka je. Hawa na cin mai, gangara kyauta ce." Ya riƙe wannan ma. Sai kuma wata safiya ya ga maigidan nasa ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa, ya duba, ya gyaɗa kai, ya tada inji bai ko kalli gwangwala ba. Sodangi ya ce, "Maigida, ba ka ce maƙaryaciya ce ba?" Banufen ya ce, "Ta tuba jiya," fuska a murtuke. To da yake rabin maganar da ke tsakaninsu wasa ce, har Sodangi ya bar kogin bai iya raba wadda aka faɗa don koyarwa da wadda aka faɗa don tsokana ba. Duka ya tattara ya riƙe.

Bayan wasu shekaru labarin rasuwar mahaifinsa ya iske shi, ya yi sallama da kogi. Banufen ya ba shi sabuwar gwangwala, ya ce ya je ya auna rijiyoyin Katsina da ita. Ya dawo Wurma ya tarar hannunsa ya manta da fartanya. Ya tafi Funtuwa ya bi motocin auduga har ya iya tuƙi ya samu lasin. A lokacin ne Alhaji Dalhatu, wani attajirin gyaɗa a Dutsin-Ma, ya sayo tsohuwar mota mai bodin katako, mai shan gas, wato dizal, ya damƙa masa. Ya auri Lauratu, 'yar Shema, suka kama gida a gindin dutse. Taubashinsa Audi, magidanci mai furfura a gemu da bakin da ba ya hutawa, shi ke yi masa lodi.

Ranar da Sodangi ya fara shiga motar ya ga agogon mai a gabansa, irin na jirgi sak, sai ya tuna da tudun yashin nan. Allurar kuwa ba ta ba shi kunya ba. In mota na tsaye a gangaren tasha ta ce rabi. In an hau hanya ta yi ta rawa. Wata rana ta kwanta a ƙasa tun safe kamar babu ɗigo, alhali yanzu aka zuba. Don haka ya juye tankin kaf, ya riƙa zuba garwa ɗaya yana zura gwangwala yana tsagawa, har ya yi tsage-tsagen da suka ishe shi zuwa Kurfi da dawowa. Daga nan kullum da ita yake awo. Da yamma ya tafi da ita gida ya jingine bayan ƙofa, don in ya bar ta a tasha wani zai ɗauka ya kori jaki.

Motar tana ɗaukar itace da gyaɗa da duk abin da ya samu, amma ƙashin bayanta ranar kasuwar Kurfi ce. A ranar ne matan rugagen wajen Shema ke zuwa da ƙoren nono da man shanu, don a Kurfi sun fi daraja. Jagorarsu Inna Zinariya ce, tsohuwa ƙanƙanuwa mai zobban azurfa a kunne, wadda ba ta maimaita magana. Ita ta fara yarda ta ɗora ƙwaryarta a mota lokacin da sauran ke tsoron nono zai kaɗe ya zube. Ita ta ƙirƙiro a shimfiɗa ciyawa a dafe kowace ƙwarya a kan gammo. Inda ta hau nan suke hawa, in ta sauka duk sun sauka. Alhaji Dalhatu kan ce, "Sodangi, matan nan su ne motar. Ka riƙe su."

Ya riƙe su lafiya har wata damina mai ruwa da yawa. A zamanin, in an yi ruwa sai a datse babbar hanya har ta sha iska, don haka duron gas da ake kawo wa Alhaji daga Funtuwa yakan makara. Alhaji ya ce daga yanzu ba a zuba wa mota sai abin da zai kai ta ya dawo da ita. Sodangi zai auna ya faɗi abin da ya rage, a cika masa gibin. A Kurfi kuwa ba a sayar da gas.

A wannan daminar ce Lauratu ta sha wuya da jiƙaƙƙen itace. Ta hura ta hura, hayaƙi ya cika mata ido, kunun maigida bai dahu ba ga shi zai fita da sassafe. Wata safiya ta lura da sandar nan ta bayan ƙofa, gindinta ya yi baƙi ya jiƙe da mai. Ta sa wuƙa ta yanki ɗan kaɗan, bai kai faɗin yatsa ba, ta jefa a murhu. Wuta ta tashi fuu. Daga ranar ta samu magani. Ba ta faɗa masa ba, don namiji ba ruwansa da yadda ake hura wuta. Shi ma bai taɓa gaya mata aikin sandar ba, don mace ba ruwanta da cikin mota. A hankali gindin gwangwala ya yi ta tafiya, tsage-tsagen suka yi ta matsowa ƙasa, har ya zama ɗan mai kaɗan ma yana kai tsagar da da sai garwa biyu ke kaiwa.

Sodangi bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne motarsa ta daina cin mai. Ya je ya dawo, ya auna, ya tarar kamar bai je ko'ina ba. Lissafin kansa ya ce ba haka ba ne, ga taɓo ga yashi ga kaya. Amma sanda ba ta iya ƙarya ba. Ya ce wa Audi, "Ni kam wani abu na ba ni mamaki. Kamar tankin nan na ƙara zurfi. Sai na duƙa sosai kafin in ji gindi."

Audi ya ce, "Tanki ba rijiya ba ne, Sarkin Ruwa. Hannunka ne ke gajercewa. Haka tsufa ke farawa a gidanku."

Ranar kasuwa ta zo. Allura ta ce babu, gwangwala ta ce akwai, aka ƙara masa ɗan kaɗan suka tashi. Sun wuce rabin hanya, a wani hawa bayan ƙetaren rafi, inji ya yi irin tarin da Sodangi ya sani tun daga kogi, ya yi shiru. Ya sauko ya zura gwangwala. Ta fito a jiƙe har kusa da tsagar farko. Ya duba sanda, ya duba mota, ya sake zurawa.

Inna Zinariya ta leƙo daga sama ta ce, "Ɗan nan, mi ya faru?"

"Inna, akwai mai."

"To, mu tahi mana."

"Ai... babu kuma."

"Akwai ko babu?"

"Sanda ta ce akwai. Inji ya ce babu."

Audi ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. A inda ya yi karatu, in haka ta faru zama ake yi ruwa ya kai mutum gida. Mu jira rafi ya kawo."

Matan suka yi dariya a ranar, don farko ne. Audi ya ari keken wani manomi ya koma Dutsin-Ma ya ɗauko garwa. Ita kuwa mota mai gas, in ta shanye tankinta iska kan shige mata, sai an kwance an fitar da ita kafin ta tashi. Kafin a gama duk wannan rana ta take. Suka isa Kurfi kasuwa na watsewa, nono ya yi tsami ya tsinke, man shanu ya narke ya bi gefen ƙwarya.

Sodangi ya shiga tunani. Ya ce ko sata ake yi masa tsakanin awo da tashi, ya sayo kwaɗo ya kulle murfin tanki. Wani dattijo a tasha ya ce akwai kukar da ke bakin rafin nan, mutanen ɓoye ke zaune a kanta, kuma an san suna son abu mai wari. Sodangi bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba, ya riƙa yin addu'a in ya zo wucewa. Ya tuna hawa na cin mai gangara kyauta ce, ya yi ta tambayar mutane shin Kurfi ce a sama ko Dutsin-Ma. Mutanen Kurfi suka ce su ne a sama, na Dutsin-Ma suka nuna masa dutse suka ce ya buɗe ido. Ya fara ƙwanƙwasa gilashin agogo da yatsa ko allurar ta tuba. Wani lokaci ta motsa, wani lokaci ta ƙi. Da ya roƙi Alhaji a ƙara masa fiye da abin da sanda ta nuna, Alhaji ya ce, "Kai ka ce mani sandar nan ba ta ƙarya. Yanzu kuma wa zan bi, kai ko ita?" Sodangi ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kasuwa ta sake zagayowa, mota ta sake mutuwa, wannan karon ana hango rumfunan Kurfi can nesa. Ba wadda ta yi dariya. Matan suka sauke ƙorensu suka ɗora a kai suka bi taɓo. Inna Zinariya ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ɗan nan, ni na ce wa matan nan su hau. Mazansu ni suke tambaya. Saniya ba ta san mota ta mutu ba, ta riga ta ba da abin da za ta ba da. In ta sake mutuwa da mu, ni da motarka sai gaisuwa."

Ta juya ta bi sawun sauran.

Ana jibi kasuwa, Sodangi ya fita da sassafe, ya kai tasha ya tuna ya bar gwangwala a gida. Ya juyo. Yana shiga tsakar gida ya tarar da Lauratu tsugune gaban murhu, sandar a kan cinyarta, wuƙa a hannu.

"Lauratu, mi kike yi?"

"Wuta nike hurawa, Malam. Ta mutu mani."

"Da sandata?"

"Ɗan kaɗan nike yanka, can ƙasa inda ya yi baƙi. Ban taɓa sama ba, inda kake riƙewa. Ka duba ka gani."

Ya karɓa ya duba. Gaskiya ta faɗa, saman yana nan sumul. Ya juya gindin. Tsagar farko ta kusa kai bakin sandar.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan shuka." Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta yi. "Ba ta korar awaki ba ce daga ƙarƙashin mota? Ni abin da na zata ke nan. Kai kuma kullum kana yaba kunu ya fito da wuri."

Sodangi bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna a kan turmi, sandar a hannu. Da wani ne, da ya ji sanyi don an gano bakin zaren. Shi kuwa kansa ne ya ƙara kullewa. Ashe sandar da ba ta iya ƙarya ba ta yi wata da watanni tana yi masa. To ranakun da allura ta ce babu, gaskiya ta faɗa ke nan? Amma ai ta sha cewa babu alhali da hannunsa ya zuba. Lissafin kansa kuwa, wanda ya yi ta yi masa raɗa, shi ya danne shi. In ya yanko sabuwar sanda, wa ya san abin da zai same ta ita ma? Lauratu ta ce, "Malam, ka yi magana mana." Ya ce, "Kunun dai ya yi daɗi," ya tashi ya fita.

Kafin ya kai gidan Alhaji ya yanke shawara. Shaida ɗaya ta rage masa, idonsa. Zai cika tankin har ya ga mai a bakin murfi, yadda ba sai ya tambayi kowa ba. Aka yi sa'a an buɗe hanya, sabon duro ya iso. Ya durƙusa ya bayyana wa Alhaji komai. Alhaji ya yi dariya har da tari, sannan ya tuna maganar Inna Zinariya ya daina. Ya ce, "Cika. Sau ɗaya dai."

Safiyar kasuwa Audi ya riƙe mazurari, Sodangi na tuttulawa, garwa bayan garwa, har mai ya taso yana ƙyalli a bakin tanki. Tun da Alhaji ya sayi motar ba a taɓa cika ta haka ba, don haka ba wanda ya san tsatsa ta huda saman tankin ƙanana-ƙanana kamar rariya. Tankin kuma yana ƙarƙashin katakon gaba ne, daidai inda mata ke jera ƙorensu don nan ne ba a cika jijjiga ba. Ana yayyafi a safiyar, sai Audi ya sauke tamfol ya rufe su ruf.

Sodangi bai taɓa tuƙi da kwanciyar rai irin ta ranar ba. Allura ta kwanta a ƙasa, ya yi mata murmushi. Suka ƙetare rafi, suka wuce kuka, suka haye hawan da ya kunyata shi. Duk gargadar da suka faɗa kuwa, mai na tsartuwa ta hudojin nan yana jiƙa katako, yana bin ciyawa da gammo. Matan sun ji wari, amma mota dama ba ta rabuwa da wari, kowace ta ja gyale ta rufe hanci. Suka shiga Kurfi mahauta ba su ma gama rataye nama ba. Audi ya daki bodin mota ya yi kirari, "Sarkin Ruwa ya ƙetare!"

Matan suka jera ƙorensu a inda suka saba. Sodangi ya tsaya daga nesa yana kallo, yana jiran Inna ta ɗago ta ce masa wani abu. Wani tsoho mai sayen nono kullum ya zo ya tsuguna gabanta. Ta ɗaga faifai, ta ɗebo masa a ludayi. Ya kurɓa, ya tsaya, ya juya ya tofar.

"Zinariya, wanga nono na saniya ne ko na mota?"

Ta karɓi ludayin ta shinshina. Ta buɗe man shanu ta shinshina. Ta bi ƙoren sauran matan ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsira. Kafin hantsi labari ya zaga kasuwa, masu saye suna zuwa su ɗaga faifai su mayar. Mai fura da ke sayen nononsu ta ce ko kyauta ba ta so.

Inna Zinariya ta tako har inda mota take. Sodangi na tsugune yana kallon ɗigon mai na sauka daga katako, ya taɓa ya shinshina, ya sake taɓawa.

"Inna," in ji shi, "ba ta mutu ba."

"Na gani."

"Cewa kika yi in ta mutu."

"Haka na ce. Ban ce in ba ta mutu ba zan zauna ko mi ya faru." Ta sassauta murya. "Ɗan nan, kai ba mugu ba ne, kowa ya sani. Amma in ka rage mai rana ta ci nonona, in ka cika mai ya ci. Ni tsohuwa, ina zan sa kaina?"

"Inna, za a liƙe tankin. Zan yanko wata sanda."

"Liƙe. Yanko. Allah ya ba da sa'a." Ta juya wajen Audi, wanda karon farko a rayuwarsa bakinsa ya mutu. "Kai kuma mai kirari, zo ka kama mani ƙwarya mu zubar."

Da yamma suka hau motar suka koma, don babu wata. Wannan ce hawansu ta ƙarshe. An kai tankin Katsina an liƙe, Sodangi ya samo sandar ƙarfe wadda wuƙa ba ta ci, maƙeri ya tsaga masa ita. Alhaji da kansa ya aika wa Inna Zinariya goro, ta karɓa ta yi godiya ta ce a gaishe shi. Matan suka koma sayar da nononsu a gindin tsamiyar tashar Dutsin-Ma, ko da bai kai darajar Kurfi ba, daga baya wasunsu suka bi wata mota da ta fara zuwa. Alhaji bai kori Sodangi ba, amma motar ta koma ɗaukar fata da kanwa da itace, kayan da ba ruwansu da wari ba kuma sa gaggawa. A haka ya yi ta bin hanyar Kurfi har ƙarshen shekarun sittin, lokacin da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi.

Duk tsawon shekarun nan, ranar kasuwa kafin ya tashi yakan je gindin tsamiya ya tsuguna Inna Zinariya ta dama masa fura. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, shi ma bai ƙara roƙonta ba. Sai dai in ya shanye ya miƙa mata ƙwarya takan tambaye shi, "Ɗan nan, yau mai ya isa?"

Shi kuma ya waiwaya ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta, ya ce, "Na auna dai, Inna."